FENTI BA YA RIƘE RUWA

 

Kusan kowa a cikinmu ya taɓa gina wurin ninƙaya, sai dai a takarda. Da zarar muna son mai karatu ya gane cewa Alhajin labarinmu ya tara abin duniya, sai mu kai shi Maitama ko Asokoro, mu buɗe masa ƙaton get, mu shimfiɗa masa ruwa shuɗi garai-garai a bayan gida, jarumi na kishingiɗe a gefe da kofin lemo. Har yau ba mu ci karo da labarin da ya faɗi wanda ke tace ruwan nan ba, ko nawa ake kashewa a wata kafin ya zauna a shuɗinsa. A littattafanmu ruwa ba ya yin kore, siminti ba ya tsagewa. To, yau a kan na gaske za mu yi magana, wanda ya yi koren, ya tsage, ake kuma shirin gyara shi.

Mu da muka tashi a Gyallesu, tsakanin Tudun Wada da ganuwar birnin Zariya, ba mu tashi da wurin ninƙaya a unguwa ba. Amma akwai wani, tafiyar ƙafa ce daga gidajenmu, a harabar wata ma'aikata da ba za mu kama sunanta ba, tunda ba tonon silili ya kawo mu ba. An zuba shi da kankare tun kafin a haifi yawancinmu, kuma yayyenmu sun sha ba mu labarin lokacin da ake biyan 'yan kuɗi kaɗan a shiga ranar Asabar. Mu dai abin da muka tarar rami ne mai kusurwa huɗu. Gefen da ba shi da zurfi a bushe yake, ciyawa ta fito ta tsakanin tsagogin daɓensa. Gefen mai zurfi kuwa bai taɓa bushewa ba, ruwan sama ne kwance da gansakuka da leda da kwaɗi, sauro na ƙyanƙyasa a ciki hankali kwance. Tsanin ƙarfen da ake hawowa da shi tuni 'yan gwangwan suka san inda ya tafi.

Sau ɗaya a idonmu aka taɓa “gyara” shi. An kwashe ruwan, an share, an shafa fenti shuɗi har walƙiya yake, tankoki suka yi ta jigila aka cika shi, aka yanke ƙyalle, aka ɗauki hotuna. Ba a rufa wata biyu ba ruwan ya sauka da kamu guda, ya fara kore, fentin ya riƙa ɗagowa kamar sāɓar maciji. Daga nan aka sa kwaɗo a ƙofar. Kwanan nan muka sake jin ƙishin-ƙishin za a gyara, har wani abokinmu ya ce da idonsa ya ga ana sauke bokitan fenti. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami ke nan.

Ra'ayinmu a fili yake. Muna so a gyara wurin, muna ganin kuɗin da za a kashe ba asara ba ne. Amma in gyaran irin na wancan karon ne, gara a kawo tifa ashirin na jan ƙasa a cike ramin, a dasa mangwaro a kai.

Za a ce mene ne na damuwa da wurin wasan ruwa a garin da mutane ke sayen jarka? Amsarmu ta farko ita ce, yaranmu suna shiga ruwa, ko an gyara ko ba a gyara ba. Duk wanda ya yi yarinta a wannan yanki ya san haka, ya kuma san bulalar da ya sha a kai ba ta hana shi komawa ba. Ga Kubanni, wadda ta taso ta wajen Samaru ta ratsa gari kafin ta faɗa Galma. Ga kududdufan birni, waɗanda tarihinsu ɗaya ne da na gidajenmu, domin kowane tsohon soro na ƙasa yana da raminsa a wani wuri, inda aka haƙi ƙasar da aka yi tubalinsa. Ranar Alhamis, da makarantun allo ba su karatu, je ka bakin ruwa ka ga almajirai sun zo wanki, kuma ba wanda ke gama wanki ya tafi bai tsunduma ba. A bazara, lokacin da ɗaki ke zama tanda, babu wa'azin da zai raba yaro ɗan shekara goma da ruwa.

Mun taso muna jin cewa kududdufi kaza yana cin mutum duk shekara, wai 'yan ruwa ne ke ja. Da muka girma muka gane abin da ke ja. Ramin da aka haƙa don ɗibar ƙasa ba shi da shimfiɗaɗɗen gindi. Yaro yana tafiya ruwa iya gwiwa, taku ɗaya ya zurma inda ya shanye kansa, ga laka ta riƙe ƙafa, ga ruwa baƙi ƙirin wanda na waje ba ya ganin abin da ke cikinsa. Nutsewa kuma ba ta da ihu irin wanda muke rubutawa a labari. Wanda ruwa ke ci ba ya samun numfashin da zai yi kururuwa, sau da yawa abokan wasansa na gefe ba su ankara ba sai an nemi mutum ɗaya an rasa. Wanda ya tsira daga wannan kuma yakan dawo gida da tsargiya. Ƙwayar cutar tana rayuwa ne a jikin ƙananan dodon koɗi na ruwa, ta fito ta huda fatar wanda ya shiga, bayan makonni yaro ya fara fitsarin jini. Mun san zamanin da yara maza ke ɗaukar wannan alamar girma ce. Akwai magani, ana ma raba shi a makarantu, amma yaron da ya sha magani yau ya koma ruwan nan jibi ya sake ɗauka. Ruwan da ake tacewa ana sa masa kilorin ba ya ɗaukar wannan cuta, domin babu dodon koɗin da zai zauna a cikinsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne ruwa ya ci a shekarar 2021 kaɗai, kuma in aka auna da yawan jama'a, yankin Afirka ne kan gaba. A wannan shekarar ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 25 ga Yuli ta kowace shekara don tunatarwa a kan hana nutsewa. Mu ba ma buƙatar a tuna mana daga nesa. A ƙarshen Nuwamban 2021 jirgin ruwa ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai a jihar Kano, sama da mutum ashirin suka rasu, akasarinsu yara 'yan Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Mauludi. Lodi fiye da ƙima da rashin rigar ruwa su ne manyan dalilai a irin wannan haɗari, ba mu musa ba. Sai dai yaron da ya iya kwanciya a kan ruwa na minti biyu yana da damar da ɗan uwansa ba shi da ita. Daga cikin matakan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara akwai koya wa yara 'yan makaranta ninƙaya tun daga shekara shida. Malamanmu ma sun daɗe suna kawo maganar da ake jingina wa Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, cewa a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki. Hawan doki dai Zazzau ba ta bari ba, kowace Sallah muna gani.

A Bangaladash, inda ruwa ke cin yara da yawa, ba su jira siminti ba. Kududdufan ƙauye suka kewaye da gora, suka yi musu dandamali, suka riƙa koya wa yara su yi iyo na mita 25 su kuma tsaya a kan ruwa na daƙiƙa 30. Dabara ce mai kyau da arha, amma su ba su da tsargiya, mu muna da ita. Shi ya sa ramin kankaren nan da muke rainawa yake da daraja a wurinmu fiye da yadda yake da ita a wurinsu.

Yanzu sai maganar gyaran kansa, wadda ita ce ta fi ɗaukar hankalinmu, don a nan ake cin kuɗin jama'a ido na ganin ido.

Fenti ado ne. Abin da ke riƙe ruwa shi ne kankaren da rodin da ke cikinsa, da shafen da aka yi masa na hana yoyo. Kakanninmu sun san wannan sarai. Rijiyar marina shekara da shekaru take riƙe da ruwan baba ba ta yoyo, saboda an shafe cikinta da laso, wanda ake haɗawa da katsi da gashin dabba da ruwan dafara. Garin da ya fitar da Babban Gwani Mika'ilu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na birnin Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, bai kamata a zo ana koya masa cewa yaɓe a kan ruɓaɓɓen bango ba ya wuce ruwan farko ba. Kowane magini a Gyallesu ya sani. Abin mamaki, da zarar aikin ya zama na kwangila sai wannan sanin ya ɓace.

Ga yadda kankare ke mutuwa. Ruwa yakan sami ƙaramar tsaga ya shiga har ya tarar da rodi. Rodi ya yi tsatsa, tsatsa kuma ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi cin wuri, ninki da yawa. Sai ta riƙa tura kankaren daga ciki har ya ɓantare. Jan tabon da ake gani yana zubowa a bango, wanda mai fenti ke gaggawar rufewa, shi ne shaidar cewa wannan aikin ya yi nisa a ciki. Kilorin ma da ke tsabtace ruwa yana ƙara wa tsatsa sauri in ya kai ga ƙarfe. Ban da wannan akwai motsin ƙasa, wadda ke kumbura da damina ta tsuke da rani, akwai saiwar bishiya, akwai kuma zaman da wurin ya yi a bushe rana na dukansa, domin an gina shi ne ya zauna da nauyin ruwa da sanyinsa.

Saboda haka kayan aiki na farko guduma ce. A bi bango da daɓe taku-taku ana ƙwanƙwasawa. Inda yake da lafiya ƙara ce mai kauri za ta fito, inda filasta ta rabu da kankare kuwa sai ka ji kamar ganga. Duk inda ya yi ganga a zagaye shi da alli, a fasa, a bi shi har inda rodi ya koma fari. A kankare tsatsar, wanda ya cinye a sa sabo, sannan a cike da simintin gyara mai kama tsohon. Tsaga ma iri biyu ce. Akwai ta saman filasta, siririya kamar gashi, wadda sabon shafe ke rufewa. Akwai wadda ta ratsa kankaren gaba ɗaya, tana buɗewa tana tsukewa da yanayi. Wannan ta biyun in aka cusa mata siminti kawai, shekara ba za ta zagayo ba sai ta dawo a wurin da take, ko kusa da shi. Injiniya ne zai duba ta ya faɗi dalilinta kafin a taɓa ta, kuma kuɗin da za a ba shi bai kai na bokitin fenti goma ba.

Sau da yawa ma yoyon ba a jikin ramin yake ba, yana cikin bututun da aka binne a ƙasa, masu kai ruwa matata su dawo da shi. Waɗannan ana toshe bakinsu ne a matsa musu ruwa ko iska a ga ko za su riƙe. Wanda ya shimfiɗa sabon tayil bai gwada bututu ba, da hannunsa zai dawo ya fasa tayil ɗin. Akwai kuma gwaji mai sauƙi da ko ɗan firamare zai iya. In an cika wurin, a ɗora bokiti a kan matakala, a zuba masa ruwa daidai da na waje, a yi wa kowanne alama, a dawo gobe. Rana da iska suna shan na bokiti da na waje daidai wa daida. In na waje ya fi sauka, akwai yoyo. In aka ƙyale shi kuma zai yi ta sauka har ya kai bakin inda yake zurarewa ya tsaya. Da an yi wannan a wancan karon, da bokiti ɗaya ya faɗi abin da tankoki suka faɗa da tsada.

Lokacin aiki ma yana da ƙa'ida. Zariya na samun ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara, kusan duka tsakanin Mayu da Oktoba. A cikin marka ƙasa a ƙoshe take, ruwan da ke ƙarƙashi yana tura duk abin da aka binne zuwa sama. Ramin kankare da aka kwashe ruwansa a irin wannan lokaci kamar kwale-kwale yake, yana iya ɗagawa ko gindinsa ya dare. Don haka aikin na rani ne. Rani kuma yana da nasa sharrin, iskar hunturu na busar da filasta kafin ta kama, sai an yi ta ba ta ruwa ana rufe ta. Siminti yana son wajen kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da ake lissafa masa. Ɗan kwangilar da aka ce masa babban baƙo na zuwa ranar kaza ba zai jira kwana 28 ba, mu kuma da za mu zauna da aikin bayan baƙo ya tafi mu ne ya kamata mu ce a jira.

Sai an gama duk wannan ake zancen fuska. Fentin da aka yi musamman don ruwa yana yin 'yan shekaru, fentin bango kuwa makonni. Filasta mai kyau takan kai shekara goma. Tayil ya fi su tsada, ya fi su daɗewa, ya fi sauƙin wankewa, kuma in ɗaya ya fita ɗaya za a mayar. A wurin da yara ɗari za su shiga a mako, mu tayil muka zaɓa, mai haske, don a riƙa ganin gindin ruwan daga waje. Daɓen gefe ya zama mai kaushi saboda santsi. Magudanar da ke gindin ramin kuma a sa mata murfin da ba ya tsotse jiki, domin ƙarfin injin yana iya manne yaro a ƙasa babba ya kasa ɓamɓaro shi. A Amurka sai da aka yi doka a kan wannan murfi a 2007, bayan rasuwar wata yarinya 'yar shekara bakwai.

Akwai shawara ɗaya da muka san masu son hoto ba za su so ba, a rage zurfin. Wurin da muke magana irin rabin na gasar Olamfik ne, tsawo mita 25, faɗi 12 da rabi. In aka ɗauki matsakaicin zurfinsa mita ɗaya da rabi, yana cin lita kusan 470,000, wato jarka 18,750 mai lita 25. In aka cike gefen mai zurfin aka mayar da matsakaicin mita 1.1, zai koma wajen lita 344,000. An rage ruwa, an rage kilorin, an rage aikin inji, an kuma kawar da wurin da ya fi haɗari. Ba masu tsalle daga sama muke son fitarwa ba tukuna. Yaron da ƙafarsa ke taɓa ƙasa ya fi saurin sakin jiki ya koya.

Wannan lissafi shi ne amsarmu ta biyu ga masu cewa almubazzaranci ne da ruwa. Matatar ruwan da aka ƙaddamar wa Zariya a 2017 an gina ta ne don ta tace lita miliyan 150 a rana. In tana aiki da cikakken ƙarfinta, cika wannan rami bai kai aikin minti biyar ba. Ko ruwan yana isa kowane gida, wannan wata magana ce da duk mai jiran ɗan ga-ruwa ya san amsarta, kuma ba mu raina ta ba. Abin da muke so a gane shi ne, wurin ninƙaya mai lafiya ba kullum ake cika shi ba. Ruwan guda ne ke zagayawa, inji ya ja shi, ya bi ta matatar yashi, a sa masa magani, ya dawo. Abin da ake ƙarawa shi ne wanda rana ta sha da wanda aka wanke matata da shi. In rana ta sha rabin santimita a yini, lita 1,500 da 'yan kai ke nan, abin da rijiyar burtsatse ɗaya za ta mayar ba tare da an taɓa famfon kowa ba. Wanda ke cin ruwa ba ƙaƙƙautawa shi ne mai yoyo da aka rufe da fenti.

To amma fa injin nan shi ne ran wurin, kuma a nan yawancin irin waɗannan wurare suka mutu a ƙasar nan. Ƙa'ida ita ce duk ruwan ya bi ta matata a cikin kamar awa shida. Kilorin ya zauna tsakanin miligiram 1 zuwa 3 a kowace lita, ma'aunin tsamin ruwa, wanda ake kira pH, tsakanin 7.2 da 7.8, kuma a riƙa aunawa kowace rana, ba ranar da aka tuna ba. In inji ya tsaya kwana kaɗan a zafin Afrilu, ruwa ya yi kore. In ya yi kore mutane su daina zuwa, kuɗin shiga ya tsaya, a rasa na mai da na magani, shi ke nan an koma gidan jiya. Ba ƙananan wurare kaɗai wannan ke ci ba. Babban filin wasa na ƙasa da ke Surulere a Legas, wanda ya karɓi wasannin Afirka na 1973, wurin ninƙayarsa ya yi shekaru a yashe kafin a waiwaye shi. Saboda haka duk takardar gyaran da ba ta ƙunshi sola mai ɗaukar injin ba, da kuɗin magani na shekara guda, da albashin mai kula da ruwa da na mai ceto, gyaran gangar Auzinawa ce. Mun fi yarda a bar bangon kewaye ba fenti a sayi waɗannan.

Saura ƙorafin da iyayenmu za su yi, wanda kuma yana da tushe. A kunnen mutanenmu wurin ninƙaya ya zama ɗan uwan otal, kiɗa da cakuɗuwa da shigar da ba ta dace ba. Mu marubuta muna da hannu a wannan, mu muka yi ta zana shi haka. Amma wannan tsari ne na masu wuri, ba halin ruwa ba ne. A ɗaga katanga, a raba ranaku, ranar mata ta zama mata ne a ƙofa, mata ne masu koyarwa, mace ce mai ceto, da suturar da kowa ya aminta da ita. Kada kuma a ce mata ba su buƙata. Su ne ke zuwa wanki bakin rafi, su ne ke tare da ƙananan yara yawancin yini, kuma jirgi in zai kife ba ya tambayar waye a ciki. Masu koyarwa ba sai an je nesa ba. Ga tsohuwar kwalejin horar da malamai ta FCE, wadda yanzu ta zama jami'a, a maƙwabtanmu, ga Jami'ar Ahmadu Bello, dukansu suna da ɗaliban ilimin motsa jiki da lafiya da ke neman inda za su yi aikin gwaji. In aka horar da su ceto, makarantun boko da na Islamiyya su riƙa kama awa suna biyan abin da ya sawwaƙa, a bar safiyar Alhamis kyauta ga almajirai. Kuɗin shiga ya tafi asusu na daban wanda masu wurin da wakilan unguwa za su riƙa sa wa hannu tare, a kuma manna lissafinsa a ƙofa duk wata. Mun ga masallatan unguwa suna yin haka da kuɗin man janareta, ba a kuma taɓa cewa abin ya gagara ba.

In an duba an ga duk wannan ya fi ƙarfin masu wurin, ba abin kunya ba ne su faɗa. Sai dai kada a bar shi yadda yake. Ramin da ruwan sama na lita dubu ɗari uku ke sauka a cikinsa duk shekara, bangonsa a miƙe, ga santsin gansakuka, babu tsani, babu mai gadi da rana, ya fi kududdufi haɗari, domin kududdufi ko ba komai yana da gaɓar da yaro zai rarrafo. Katangar wurin kuwa mun san inda ta zube, mun kuma san yara sun fi mu sani.

Tunda zauren marubuta ne, ga wata 'yar matsala da muka yi ta karo da ita muna wannan rubutu. Abin ba shi da tsayayyen suna a harshenmu. Wasu na cewa wurin ninƙaya, wasu wurin iyo, wasu tafkin wanka, wasu kwamin wanka, 'yan birni kuma su ari na Turawa su huta. Mun zaɓi na farko don shi muka fi ji a rediyo, amma bai gamsar da mu ba, tunda Kubanni ma wurin ninƙaya ce. Wanda yake da kalmar da ta fi wannan, daga Katsina ko Sakkwato ko Maraɗi, muna son ji. Muna kuma roƙon duk wanda garinsu ke da irin wannan rami, a makaranta ko tsohon kulob ko filin wasa, ya je ya gani da idonsa kafin ya rubuta. Ya auna shi da taku, ya nemi tsohon ma'aikacin da ya taɓa kula da injin, ya tambaye shi ranar da ya tsaya da abin da ya tsayar da shi.

Mu na Zariya mun rubuta wa masu wurin takarda muna neman izinin shiga ranar Asabar mai zuwa da hantsi, kafin a buɗe bokitan nan. A jikin bangon gefen mai zurfi akwai wani baƙin layi da ruwa ya bari, inda yake tsayawa kowace shekara bayan damina, muna so mu ga abin da ke daidai wannan layin. Za mu je da guduma da alli. Wanda yake da kawu birkila ya taho da shi.